Ƙibar Aro

Shafi na 27

Masu damuna da saƙo wai in bar Zulfa ta sha iska tunda ɗanta ya fara ƙiba, har wata ta ce in ban kai su Kano lafiya ba ta daina bina, to ku gyara zama. Ni dai abin da ya faru nake faɗa, kada wadda ta zage ni.

*

Sai ranar Alhamis da hantsi aka ɗaga sandar kan iyaka, bayan ta kwana biyu a rufe saboda harin da aka kai a hanya. Jama'a suka kwararo ɓangaren Jibiya kamar an kwance awaki, masu buhu a ka, masu tura baro, 'yan kabu-kabu na ta danna oda ba dalili. Zulfa na tsakiyarsu da Abdulfatah a goye, ledar takardun asibiti a hammata. Mijinta Yusha'u na biye da ita da jaka a kafaɗa, fuskar nan a murtuke tun ranar Talata da suka taso daga Maraɗi suka tarar da hanya a toshe.

Ita kam ranta fari ƙal. Jiya Dakta Abbas ya kira daga Kano ya ce kada su damu, ya mayar da aikin Fatahu ranar Asabar, ranar ƙarshe kafin likitocin zuciyar da suka zo daga waje su tattara kayansu. In aka rasa Asabar sai baɗi, kuma shi da bakinsa ya ce zuciyar yaron mai huji ba lallai ta jira baɗi ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya musu tun farko: yaro ya kai kilo goma. A lokacin bakwai da rabi yake, ɗan shekara biyu, haƙarƙari ana ƙirgawa daga nesa. Yanzu kuwa goma har da ɗoriya. Da idonta ta gani a sikelin rataye na mijinta, ranar har guɗa ta rangaɗa maƙwabta suka leƙo.

Ga shi tun safe yaron bai yi mata rigima ba. Ya dai amayar da kokon da ta ba shi, sannan ya lafe a bayanta yana ta barci. Ta ce a ranta gajiyar kwanan rumfa ce.

Da an wuce sanda akwai rumfar malaman lafiya, inda ake auna zafin jikin masu shigowa da 'yar na'urar nan da ake saitawa a goshi. Wadda ke bakin aiki ranar, Malama Ummu Salma, dattijuwa ce mai tabarau, ta yi shekara ashirin tana jinya a asibiti kafin a turo ta nan. Ta auna Zulfa, ta leƙa bayanta ta auna yaron. Har ta ɗaga hannu a wuce, sai ta sake duban fuskarsa.

"Baiwar Allah, ɗan dakata. Kwanto mini yaron nan."

"Malama, sauri muke, Kano za mu."

"Na ji. Kwanto shi."

Yusha'u ya matso da sauri yana cewa yaro lafiya lau yake, ga takardun likita nan, ga motar Katsina can tana cika. Malama ba ta ko kalle shi ba. Ta shimfiɗa Fatahu a benci, ta ɗaga rigarsa. Kumatu sun cika tantsan kamar ya cusa ƙosai a baki, ciki ya yi tulu, amma hannuwa da ƙafafu suna nan sirara yadda suke. Ta shafa wani lallausan gashi da ya fito masa a goshi da gadon baya. Ta matsa haɓarsa ta buɗe bakin, sai ga harshe da cikin kumatu sun yi fari fat, kamar nono ya kwanta. Duk jujjuyawar nan yaron ido kawai ya ɗan buɗe ya mayar.

"Mi kike ba shi?"

"Abinci, Malama. Madara, ƙwai, kunun gyaɗa."

"Bayan abinci."

Zulfa ta ce sai zumar da babansa ya kawo, wadda aka haɗa da bitamin a famasi can Maraɗi. Cokali ɗaya kullum da safe, wata ɗaya da rabi ke nan, kuma tun da aka fara yaron ya buɗe ciki yake cin abinci kamar babba. Ta faɗa har da 'yar fara'arta, irin ta uwar da ke jiran a yaba mata.

Malama ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce ita ta sha ganin irin wannan fuska, amma a wurin 'yan mata masu shirin biki da ke haɗiyar ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe. A jikin ƙaramin yaro yau ta fara gani.

"Wannan ba ƙiba ba ce, ɗiyata. Kumburi ne. Ina kwalbar zumar?"

"Ta ƙare," in ji Yusha'u.

Zulfa ta juya ta kalle shi. Ita ce mai zubawa kullum, ta san inda zumar ta tsaya. Ranar Litinin da safe da ta ba da cokalin ƙarshe, saura ta kai yatsa uku a gindin kwalba. Da ta zo haɗa kaya ta nema ta rasa, ya ce ya sa a jakarsa.

"Baban Fatahu, ai da saura."

Ya gyara zaman jakar a kafaɗarsa.

"Ka ce tana cikin jikkarka."

Malama ta tambaye shi sana'arsa. Zulfa ce ta ce kiwon raguna yake, yakan sayo ramammu ya turke su ya sayar. Tana faɗa tana jin maganar na yi mata wani iri a baki. Shekara shida tana share masa turke. Ta san 'yan ƙwayoyin nan farare da yake dakawa a cikin dusa idan kasuwa ta matso, ta san yadda rago kan tashi cikin 'yan makonni har maƙwabta su riƙa cewa Yusha'u hannun kiwo gare shi. Sai yanzu ta tuna ranar da ta shiga ɗaki ta tarar da shi yana murza wani abu da bayan cokali a kan faranti, ya yi wuf ya rufe da hula.

Ta zauna a gefen bencin.

"Ka hwaɗa mini ba shi ba ne."

"Zulfa, ki bari mu hau mota, na yi miki bayani a hanya."

"Ka hwaɗa mini ba maganin raguna na riƙa ɗura wa ɗana da hannuna ba."

Nan gogan naku ya sauke jaka. Mutumin da ko a gaban dillalan kara ba ya sunkuyar da kai, sai ga shi yana magana da ƙasa.

Ya ce ta tuna ranar da suka je Kano, da Dakta ya yi musu bayanin aikin. Za a sanyaya jikin yaron, a tsayar da zuciyarsa, inji ya karɓi aikinta, kuma a irin wannan lokaci ƙwaƙwalwa kan iya taɓuwa. Yaro ya tashi da zuciya lafiyayya amma ba ya magana, ko ba ya gane uwarsa. Ita ta fita tana kuka, shi ya tsaya ya tambayi Dakta ko babu abin da ake yi. Dakta ya ce akwai wani magani da wasu likitoci kan bayar dab da aiki don rage kumburi. Ya roƙa aka rubuta masa sunan a takarda. Da suka koma Maraɗi ya kai wa Shafi'u, mai shagon maganin dabbobin da yake saye a wurinsa. Shafi'u ya duba a waya ya ce ai dangin ƙwayarsu ce ta raguna, uwa ɗaya uba ɗaya. Har ya karanto masa cewa Turawa sun gwada a jikin 'ya'yan alade, aka yi musu irin wannan aikin na zuciya, waɗanda aka ba maganin tun da wuri ƙwaƙwalwarsu ta fi tsira.

"Tun da wuri, haka ya ce. Sai na ce to ga abu a hannuna. Shina sa ƙiba, Dakta na son ƙiba. Shina tsare ƙwaƙwalwa, ke kina kukan ƙwaƙwalwa. Dabba anka gwada ma, ni kuwa duk garin wa ya hi ni sanin dabba?"

Ya ce ba da ka ya yi ba, sai da ya auna. Ya san abin da ragon kilo arba'in ke ɗauka, ya raba ya fitar da na yaro. Ya ce wata huɗu tana dafa ƙwai tana dama madara, allurar sikeli ko motsi. Yana kallo tana ramewa tare da yaron. Ya ce da ya zauna ya ga an cire sunan ɗansa daga jerin saboda kilo biyu da rabi, shi da ke ɗora wa rago kilo goma a wata guda, gara ya mutu.

Wallahi ni kaina da nake ba ku labari na rasa inda zan ajiye Yusha'u. Mugu ba ya kwana yana raba ƙwaya don ɗansa. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma wanda ya iya abu ɗaya sosai shi ya fi kowa saurin ɗauka ya iya sauran.

Zulfa ba ta yi ihu ba. Hannunta na dama take kallo, wanda take riƙe cokalin da shi. Kullum da bismillah take ba shi. In ya kawar da kai ta yi masa wasa, ta ce ha bakin Fatahu, jirgi zai shiga. Rannan har toshe masa hanci ta yi don ya haɗiye. Wani irin baƙin ciki ya rufe ta, wanda ko ranar da suka gudo daga garinsu Gangara da kayan jikinsu kaɗai ba ta ji irinsa ba.

"Mi ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da kin hana."

"Da na hana," ta maimaita a hankali. "To ka ga ka san da abin hanawa."

Malama Ummu Salma ba ta tsaya sauraron sauran ba. Ta zaro katin asibiti daga ledar, ta kira lambar da ke jiki, ta sa a lasifika ta ajiye wayar a kan tebur. Da Dakta Abbas ya ɗauka ta gabatar da kanta, ta zayyana masa abin da ta gani da abin da ta ji, ba ƙari ba ragi. Ya saurara har ta gama. Sannan ya nemi a ba shi uban yaron.

"Malam Yusha'u, abin da aka gwada a dabbobin nan allura ce ta lokacin aiki, a gaban likitoci, ba abin sha kullum ba. Ko a dabbobin ma, wani binciken ya ga amfani, wani ya ga illa. Mu kanmu har yau ba mu gama yarda da shi ba. Shi ya sa na ce maka wasu likitoci, ban ce duka ba."

"Dakta, amma ya kai kilo goman."

"Ruwa ne da kitse. Kuma maganin ya kwantar da garkuwar jikinsa, farin da ke bakinsa shaida ne. In muka buɗe ƙirjinsa a haka, ciwon ba zai warke ba, ƙwayar cuta za ta cinye shi. Maganar Asabar ku cire ta a ranku."

Zulfa ta zame daga benci ta durƙusa a gaban teburin, kamar Dakta na zaune a kai. Ta roƙe shi don Allah don Annabi. Ta ce laifinsu ne su manya, yaron bai san komai ba. Ta ce a yi aikin ko a yaya, ta yarda, za ta sa hannu a kowace takarda. Dakta ya ce ta yi haƙuri, ba hukunci yake yi musu ba, jikin ne ba zai ɗauka ba. Sai an janye maganin sannu a hankali, wata biyu ko uku, a lokacin kuwa baƙin sun daɗe da tafiya. Garin neman ƙiba an samo rama, abin da ya faru ke nan.

"Amma yanzu ba aikin ne a gabana ba," in ji Dakta. "Kun ba shi na yau?"

Zulfa ta ɗago ta dubi mijinta.

"Malam Yusha'u, yaushe ya sha na ƙarshe?"

"Litinin da sahe."

"Litinin? Yau Alhamis fa. Ina sauran maganin?"

"Na jehwa a masai kahin mu taso."

Muryar Dakta ta canja. Ya ce wa Malama ta duba bugun hannun yaron yanzu-yanzu, ta gaya masa ko ya yi amai, ko yana yawan barci. Ya yi bayani da sauri cewa jikin mutum na yin irin wannan sinadarin da kansa, shi ke riƙe ƙarfin jini da sukari. In aka daɗe ana ɗura masa na waje sai ya daina yin nasa. In kuma aka yanke na wajen rana ɗaya, sai a bar jiki ba nasa ba na aro. Ya faɗi sunan wata allura ya ce a yi masa ita nan take, a sa masa ruwa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa.

Rumfar awo ce, ba asibiti ba. Malama ta yage takarda ta rubuta sunan allurar, ta ƙwala wa wani ɗan kabu-kabu kira ta danƙa masa, ta ce duk kemis ɗin da ya fara gani ya tsaya. Mutumin ya duba hanya ya girgiza kai. Manyan motocin da suka taru kwana biyu duk sun taso lokaci guda, sun cushe titin daga nan har inda ido ya ƙare, masu shiga da masu fita sun haɗa goshi, ko akuya sai ta yi dabara. Ya ce zai gwada ta cikin gonaki. Malama ta karɓo sukari wurin mai shayi, ta jiƙa yatsa tana goga wa yaron a dasashi.

Zulfa ta miƙe ta tsaya a gaban mijinta.

"Mi ya sa ka yanke?"

Ya ce tsoro ya ji kada a ɗebi jinin yaron a Kano a ga magani a ciki, a kore su. Ya ce ya lissafa. Rago in an daɗe ana ba shi ƙwayar aka yanke masa ita, yakan yi kwana biyu garau, ba mai gane komai. Shi ya sa yake yankewa ana jibi kasuwa, don kada mahauta su ji nama ya yi ruwa. To sai ya ce a yanke Litinin, Talata suna Kano a ɗebi jini, Laraba da safe a shiga aiki, likitoci su ba shi nasu irin maganin da hannunsu. Kwana biyu cif, bai kuskure ko ɗaya ba. Bai dai lissafa da rufe iyaka ba.

"Kwana biyun nan da munka yi a rumhwa, kana kallo nai, ka sani?"

"Na zaga duk shagunan wancan ɓangaren, sun rufe saboda harin. Na ce ko yau in mun ƙetaro in saya a ɓoye."

"Ka ce rago na yin kwana biyu garau. A na ukun hwa?"

Ya taka ya durƙusa a gaban bencin. Zulfa na kallo ya kai hannu, ba goshin yaron ya taɓa ba kamar yadda iyaye ke yi. Kunnensa ya kama ya murza a hankali tsakanin yatsu biyu. Sannan ya ja fatar idon ƙasa ya leƙa. Haka ta sha ganin yana yi a turke. Ya daɗe riƙe da kunnen nan, sai ya sake shi, ya zauna daɓas a ƙasa cikin ƙurar takalman mutane.

"Ya yi sanyi," ya ce, ba da kowa ba.

"Na tambaye ka. A kwana na uku mi ke samun su?"

"Masu saye kan dawo da ƙorahi. Wai rago ya ƙi cin abinci. Wai ya kwanta."

"In sun kwanta, nawa ke tashi?"

Ya ɗago ya kalle ta, hawaye na bin gemunsa.

"Ban sani ba, Zulfa. Kullum a gidan wani suke kwantawa."

Ta juya ta ɗauki ɗanta daga kan benci ta rungume. Nauyin nan da ta yi wata ɗaya da rabi tana alfahari da shi ya zube mata a hannu gaba ɗaya, kansa ya langaɓe a kafaɗarta. Ɗan hannun da kullum ke damƙe da bakin hijabinta, ko a cikin barci, ta kama ta ɗora a wurin. Ya zame. Ta sake ɗorawa.

"Fatahu. Fatahuna, buɗe ido ga mota, za mu Kano."

Daga wayar da ke kan tebur Dakta na ta tambaya, Malama kina ji na, nawa ne bugun, Malama ki yi magana. Malama Ummu Salma ta saki wuyan hannun yaron ta mayar da yatsunta biyu gefen wuyansa. Ta rufe ido. Ta matsar da yatsun gaba kaɗan, ta sake dannawa.

"Ku yi mini shiru," ta ce.

Alhali duk rumfar ba mai magana.